Martani Ga Mai Cewa Binciken Ƙwayoyin Asali Shiga Hurumin Ubangiji Ne

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanan baya a kan masanan da ke renon ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɗan'adam a ɗakin gwaje-gwaje, domin su gane yadda suke haɗuwa da juna da yadda cuta ke lalata wannan haɗi. Malam ya yi rubutu da kishi, kuma ba na tantama a kan kyakkyawar niyyarsa. Ƙorafinsa huɗu ne. Na farko, a cewarsa sai an halaka ɗan tayi kafin a samu waɗannan ƙwayoyi. Na biyu, ana neman ƙera ƙwaƙwalwa mai tunani a cikin kwalba, wanda kuwa shiga hurumin Mahalicci ne. Na uku, an shekara da shekaru ana zuba dukiya amma ba a ga wanda ya warke ba. Na huɗu, ko da abin yana da amfani ba namu ba ne, mu da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke ɗauke mana yara. Daga nan sai ya yanke hukunci cewa malamai da hukumomi su nesanta al'ummarmu daga wannan aiki.

Wannan hukunci ne ya sa na ɗauki alƙalami. Masu karanta Malam suna da yawa, kuma a cikinsu akwai iyayen yara masu farfaɗiya, akwai 'ya'yan da ke jinyar tsofaffin da mantuwa ta cinye har ba sa gane jikokinsu. Waɗannan mutane sun cancanci a faɗa musu yadda abin yake.

Ƙwayoyin asali su ne ƙwayoyin halittar da ba su riga sun zama na wata gaɓa ba, don haka suna iya rikiɗa su zama na tsoka, ko na jini, ko na jijiya. Gaskiya ne cewa a 1998 James Thomson na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya ciro irinsu ne daga ƙwan haihuwa na 'yan kwanaki, wanda ya yi saura a asibitocin taimaka wa masu neman haihuwa. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan haka, kuma da hujja. Sai dai labarin Malam ya tsaya a nan, alhali duniya ta wuce wurin. A 2006 Shinya Yamanaka da Kazutoshi Takahashi na Jami'ar Kyoto a Japan suka nuna cewa idan aka shigar da sinadaran gado guda huɗu cikin ƙwayar fatar ɓera, sai ta koma matsayinta na asali. A 2007 suka yi haka da fatar mutum. A 2012 Yamanaka ya karɓi lambar yabo ta Nobel tare da John Gurdon na Ingila a kan wannan fage.

Ga yadda aikin yake tafiya a yau. Majinyaci ya ba da izini, a ɗebi jininsa cikin sirinji ɗaya, ko a yanki fatar hannunsa da ba ta wuce milimita uku ko huɗu ba. A zuba ƙwayoyin a ɗan faranti mai ruwan abinci ja-ja, a sa a na'urar ɗumi mai zafin digiri 37, daidai da na jikin mutum. Ma'aikaci yana sauya musu ruwan kusan kullum, har da ranakun hutu. Bayan 'yan makonni sai ƙwayoyin su taru gungu-gungu, alamar sun koma na asali. Daga nan a bi su da wasu sinadarai daki-daki, sai a ga sun fara fitar da rassa sirara suna laluben juna. Bayan watanni, idan aka ɗora su a kan na'urar auna lantarki, sai a same su suna aika wa juna saƙo. Wanda ya ba da jinin yana gidansa yana harkokinsa.

Akwai dalili mai sauƙi da ya sa masu binciken cuta suka karkata ga wannan hanya. Wanda ke son gane abin da ke damun mai farfaɗiya, ƙwayoyin mai farfaɗiyan yake buƙata, masu ɗauke da gadonsa. Ƙwan da ya yi saura a asibiti ba shi da tarihin cuta da za a kwatanta. Har yanzu akwai ɗakunan gwajin da ke amfani da tsofaffin ƙwayoyin da aka samo daga ƙwan haihuwa, kuma duk wanda ya ƙi wannan yana da 'yancin ƙi. Amma a yi wa dukan fagen kuɗin goro, wannan zalunci ne. Malamai ma ba su yi haka ba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na Makka a 2003, ta halatta amfani da ƙwayoyin asali don magani da bincike idan an samo su ta halastacciyar hanya, kamar daga baligi da izininsa ko daga mahaifa da cibiya, ta kuma haramta zubar da ciki da gangan don a same su. Tun kafin Yamanaka ya fito da tasa hanya, malamai sun riga sun bambance tsakanin aya da tsakuwa.

Abin da Malam bai taɓo ba ko kaɗan shi ne me ya sa ake buƙatar wannan aiki tun farko. A kan mutum akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace tana da dubban mahaɗai da 'yan'uwanta. A waɗannan mahaɗai magana take, da tunawa, da ɗaga ƙafa. Likitan hanta yana iya ciro ɗan tsagin hanta ya duba, likitan jini ya ɗebi jini. Likitan ƙwaƙwalwa kuwa ba shi da ikon buɗe kan lafiyayyen yaro ya ga yadda mahaɗansa ke ƙulluwa. Hoton asibiti yana nuna siffar ƙwaƙwalwa, amma mahaɗa ta fi ƙarfin idonsa. Binciken gawa yana nuna inda cutar ta ƙare, ba ya nuna inda ta faro. Sai aka dogara da ɓeraye shekara da shekaru, kuma sakamakon bai yi daɗi ba. Daga 2002 zuwa 2012 an gwada magunguna 244 na cutar Alzheimer, mai jawo mantuwar tsufa, guda ɗaya tak ya samu amincewar hukuma. Ɓera ba ya kamuwa da wannan cuta da kansa, sai an cusa masa sinadaran gadon mutum, kuma ko an cusa ɗin ba ya nuna dukan alamunta. A 2014 Rudolph Tanzi da Doo Yeon Kim a Boston suka reni ƙwayoyin jijiyar mutum a cikin wani abu mai kauri, sai ga manyan alamun cutar guda biyu sun fito tare, wato dunƙulen furotin a wajen ƙwaya da murɗaɗɗen zare a cikinta.

To me aka gani da aka samu ikon kallon mahaɗan? Akwai cutar Rett, wadda galibi 'ya'ya mata take kamawa. Yarinya ta taso lafiya har wata shida zuwa shekara ɗaya da rabi, sai maganar da ta fara ta ɗauke, hannuwanta su daina kama abu. A 2010 Carol Marchetto da Alysson Muotri a Kaliforniya suka reni ƙwayoyin irin waɗannan yara, suka tarar mahaɗansu ba su kai na sauran yara yawa ba, ƙwayoyin kansu ma ƙanana ne. A 2011 Kristen Brennand da Fred Gage na Cibiyar Salk suka yi irin wannan da ƙwayoyin mutum huɗu masu taɓin hankalin da ake kira sikizofireniya. Suka yi amfani da ƙwayar cutar haukan kare da aka gyara, wadda ke tsallakawa daga wata ƙwayar jijiya zuwa wata ta kan mahaɗa, don su ƙidaya haɗin. Suka samu haɗin ya gaza na masu lafiya. Mutum huɗu ba su isa a yanke hukunci a kan cuta ba, kuma masanan da kansu sun faɗi haka. Amma ciwon da ake ta jingina wa aljanu da sammu, ga shi an fara ganin sawunsa da ido.

Misalin da ya fi kowanne ratsa ni shi ne na ɗakin gwajin Sergiu Pasca a Jami'ar Stanford. Yayin da jariri ke cikin uwa, wasu ƙwayoyi masu aikin kwantar da saƙon lantarki suna tasowa daga can ƙasan ƙwaƙwalwa, su yi doguwar tafiya zuwa samanta, su zauna a tsakanin ƙwayoyi masu tayar da saƙo. Idan ba su isa inda ya kamata ba, ma'auni ya ɓaci, kuma wannan yana cikin abubuwan da ke jawo farfaɗiya. A 2017 Pasca da abokan aikinsa suka reni curi biyu na ƙwayoyi, ɗaya irin na sama, ɗaya irin na ƙasa, suka jingina su da juna. Suka sa wa matafiyan alama mai haske. A ƙarƙashin madubi sai aka ga kowace ƙwaya ta miƙa reshe, ta dakata, sannan ta ja jikinta gaba da tsalle ɗaya, ta sake miƙawa. Da aka maimaita da ƙwayoyin yara masu cutar Timothy, wadda ke haɗa ciwon zuciya da farfaɗiya da matsalar mu'amala da mutane, sai aka ga nasu suna tsalle sau da yawa amma gajere-gajere, suna ta wahala ba sa cin nisa. Matsalar tana ga wata ƙofar kalsiyam a jikin ƙwayar, kuma da aka sa maganin da ke rage shigar kalsiyam, tafiyar ta gyaru. A 2024 wannan ɗaki ya buga sakamakon wani sabon magani da aka tsara musamman don gyara wannan ƙofa, ya yi aiki a curin ƙwayoyi da kuma a jikin ɓeraye. Ta wace hanya dabam Malam yake so a ga wannan, in ba a fasa cikin mai juna biyu ba?

Sai batun ƙwaƙwalwa a kwalba. Sunan da 'yan jarida suka laƙaba wa abin ne ya ruɗi Malam. Curin da Madeline Lancaster da Jürgen Knoblich suka fara renowa a Vienna a 2013 bai wuce milimita huɗu ba. Ba shi da jijiyoyin jini, shi ya sa in ya ƙara girma tsakiyarsa take mutuwa don rashin iska da abinci. Ba shi da jiki, ba ya jin yunwa, ba shi da tsarin da ke haɗa manyan sassan ƙwaƙwalwa wuri guda. Ƙwayoyinsa in sun yi yawa su kai 'yan miliyoyi, a gefen biliyan 86. Kuma babu wanda ya halicci komai a nan. Ƙwayar Allah ya halicce ta, umarnin da take bi ta fitar da reshe ta nemi 'yar'uwarta yana rubuce a cikinta tun fil'azal. Iyakar masani ya ba ta abinci da ɗumi, ya zauna ya kalla, kamar yadda manomi ke binne iri ba tare da ya yi da'awar shi ya tsirar da gero ba.

Ban ce babu abin lura ba. A 2019 ɗakin gwajin Muotri ya ga igiyoyin lantarki a cikin curi masu ɗan kama da na jariri bakwaini. A 2022 ɗakin Pasca ya dasa curin ƙwayoyin mutum a kan jinjirin ɓera, curin ya girma, har yana amsawa idan aka taɓa gashin bakin ɓeran. Waɗannan abubuwa suna buƙatar sa ido, kuma ana sa shi. A 2021 Ƙungiyar Masu Binciken Ƙwayoyin Asali ta Duniya ta sabunta ƙa'idojinta, a shekarar kuma manyan cibiyoyin kimiyya na Amurka suka fitar da rahoto na musamman a kan wannan tambaya, inda suka ga cewa curin da ake da su a lokacin ba su nuna alamar sani ko jin zafi ba, amma a ci gaba da bibiya. Da Malam cewa ya yi a shata iyaka, a sa malaman addini a kwamitin da ke shata ta, da ni ne farkon mai mara masa baya.

Ƙorafi na uku shi ne ina wanda ya warke. Malam ya auna abin da ma'aunin da ba nasa ba. Aikin farko na waɗannan ƙwayoyi shi ne a gane cuta, kuma a nan sun riga sun biya kuɗinsu. A 2015 aka fara haihuwar jarirai masu ƙanƙanen kai da yawa a arewa maso gabashin Brazil. Ana zargin ƙwayar cutar Zika, wadda aka fara ganowa a Uganda a 1947, amma babu tabbas. A watan Fabrairun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci. Cikin 'yan makonni Guo-li Ming da Hongjun Song na Jami'ar Johns Hopkins, tare da Hengli Tang, suka nuna cewa Zika tana afka wa ƙwayoyin da ke haifar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwar jariri. A Rio de Janeiro, Patricia Garcez da Stevens Rehen suka sa wa curi cutar, suka ga girmansa ya tsumbure. Wannan yana cikin hujjojin da suka ƙarfafa gargaɗin da aka yi wa mata masu ciki. Sauron da ke yaɗa Zika shi ne mai yaɗa shawara, kuma muna da shi.

A fagen magani ma an fara taka rawa. Akwai cutar ALS, mai kashe jijiyoyin motsi har mutum ya kasa haɗiya da numfashi. Hideyuki Okano da abokan aikinsa a Jami'ar Keio ta Japan suka reni jijiyoyin motsi na masu cutar, suka gwada musu magunguna fiye da dubu da aka riga aka sani, suka tsinci ropinirole, wanda da ma maganin cutar Parkinson ne. A 2023 suka buga sakamakon gwajinsa a jikin majinyata 20. Bai nuna illa mai tsanani ba, kuma an ga alamar yana rage saurin cutar. Gwajin ƙarami ne, sai an yi babba kafin a yi guɗa. Haka nan akwai giɓin da masana suka sani: mayar da ƙwaya asalinta yana goge mata alamun tsufa, don haka curin ya fi kama da ƙwaƙwalwar ɗan tayi fiye da ta dattijo, wanda matsala ce ga mai binciken cututtukan tsufa. Duk da haka fagen da aka buɗe a 2007 bai kai a ce ya gaza ba, tunda magani guda ɗaya kan ci fiye da shekara goma kafin ya isa kantin magani.

Ƙorafi na huɗu ne ya fi yi mini ciwo, wai ba namu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kimanin miliyan 50 ne ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Duk wanda ya taso a garuruwanmu ya san yadda ake watsewa idan yaro ya faɗi yana kumfa, don tsoron a taɓa yawunsa, alhali cutar ba ta yaɗuwa ta haka. Ya san yadda ake cire irin wannan yaro daga makaranta, da yadda ake fasa auren yarinya in aka ji tana da ita. Sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da Malam ya ce shi ne namu idan ya hau kai, suna cikin abubuwan da ke barin yara da farfaɗiya. Shanyewar ɓarin jiki kuwa da wuya a sami zuriyar da ba ta taɓa ba.

Sannan akwai maganar gado. Wani nazari da Segun Fatumo ya jagoranta a 2022 ya nuna cewa kashi 86 cikin ɗari na mutanen da aka yi manyan binciken gado da su Turawa ne, 'yan asalin Afirka kuwa kashi ɗaya da 'yan kai, alhali Afirka ta fi ko'ina bambancin gado. Kuma bambancin yana da tasiri. Binciken da aka daɗe ana yi tsakanin Ibadan da Indianapolis ya nuna cewa wani sinadarin gado mai suna APOE4, wanda ke ƙara haɗarin Alzheimer sosai ga Turawa, bai yi wannan ƙarfi ga Yarbawa ba. A 2023 wani bincike da Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas take cikin jagororinsa ya gano wani sauyin gado mai ƙara haɗarin Parkinson da ake samu a 'yan asalin Afirka, wanda binciken Turawa bai taɓa hangowa ba. Idan ƙwayoyin da ake gwada magani a kansu duk na wasu ne, to maganin ma da awonsu za a yi shi, mu kuma mu saya da tsada mu sha a kan rashin sani.

Shi ya sa abin da ke faruwa a Damaturu yake da muhimmanci. A Jami'ar Jihar Yobe akwai cibiyar bincike ta BioRTC, wadda aka buɗe a 2021 ƙarƙashin jagorancin Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar kuma masanin ƙwaƙwalwa a Jami'ar Sussex ta Ingila. Cikin ayyukan da yake jagoranta har da samar da ƙwayoyin asali daga mutanen arewacin Nijeriya don binciken cutar mantuwa. Wannan aiki ne Malam yake kira a nesanta mu da shi, ko ya sani ko bai sani ba.

Akwai tsoro biyu da ke ƙarƙashin rubutun Malam waɗanda na yarda da su ɗari bisa ɗari. Na farko amana. Kano ba ta manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a tsakiyar annobar sanƙarau, yara 11 cikin kimanin 200 da ke gwajin suka rasu, aka yi ta shari'a a kan batun izinin iyaye har aka yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na biyu 'yan damfara. Masu tallar garin magani a leda a Facebook da WhatsApp, suna cewa ƙwayoyin asali ne masu warkar da shanyewar jiki da ciwon suga da ciwon ƙoda, ƙarya suke yi. Ƙwaya mai rai da ke buƙatar ɗumi da sauyin ruwa kullum ba ta rayuwa a cikin gari, balle ta tsira daga ruwan ciki. Ko a Amurka, a 2017 an buga rahoton mata uku a Florida da suka rasa ganinsu, ko mafi yawansa, bayan wani asibitin kuɗi ya yi musu allurar ƙwayoyin kitse a ido.

Maganin waɗannan biyu shi ne mu shiga ciki da idonmu biyu. A yi wa duk mai ba da jini bayani da harshen da yake ji, Hausa ko Kanuri ko Fulatanci, a gaya masa inda za a kai ƙwayoyinsa da abin da za a yi da su, a ba shi damar janyewa. Kwamitin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa da kwamitocin jami'o'i su riƙa zama da malaman addini da wakilan majinyata. Hukumar NAFDAC ta bi masu tallar leda har shagunansu. Gwamnatocin jihohi su tabbatar maganin farfaɗiya mai araha yana asibitocin karkara tun yau, tunda kusan kashi 70 cikin ɗari na masu cutar za su iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai, su kuma tallafa wa ɗakunan gwajin da za su nemo wa sauran mafita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ina roƙon Malam abu biyu. Ya gyara maganarsa ta cewa sai an halaka ɗan tayi, domin ba daidai ba ce, kuma tana iya sa wani ya hana mahaifinsa ba da jinin da zai amfani jikokinsa. Sannan kafin ya sake rubutu a kan wannan batu, ya nemi masanan namu da ke wannan aiki, ya zauna da su, ya yi musu duk tambayoyin da ke ransa, masu zafi da masu sanyi, ya dawo ya faɗa wa masu karanta shi amsar da suka ba shi.